Tiransisto Huɗu da Shinkafar Ba Kyari

Ku ajiye wayar nan tukuna. Tun da kuka shigo kuke tura mini ita a fuska, wai in ga zanen da wani ya yi a wata ƙasa. Na gani, zanen ba shi da laifi. Abin da na tambaye ku shi ne, wannan moto da ke juya ƙafar mutum-mutuminku, wuta nawa yake ja idan ƙafar ta maƙale a rami? Ku uku, duk 'yan makarantar fasaha, babu wanda ya auna. Kun je kasuwa kun ce a ba ku tiransisto kamar masu sayen ƙuli-ƙuli, aka ba ku, kuka liƙa, ya yi hayaƙi, kuka kwaso mini kuna cewa, "Baba Sale, canzawa kawai za ka yi, aikin minti biyar ne." Wanda ya ce wa sana'ata minti biyar, ya zage ni ne bai sani ba. Ku ja benci ku zauna.

Aikin farko da maigidana Malam Modu ya ba ni, kwali ne cike da matattun rediyo. Shagonsa na kusa da tasha a nan Haɗeja, iyayensa kuma daga bakin tafkin Chadi suka zo, shi ya sa in ransa ya ɓaci yake komawa yarensu. Ya ce in cire kowane tiransisto ba tare da na kashe shi ba. Wutar lantarki ba ta zama, saboda haka ayan ɗinmu na narka dalma na jan ƙarfe ne, a kan gawayi muke gasa shi. Ka riƙe ƙafar tiransiston da filaya don ta shanye zafin, ka taɓa dalmar, ka ja. In ka daɗe, ya mutu a hannunka. In ka yi gaggawa, ƙafar ta tsinke. Sannan ka ɗauki mita mai allura ka auna, ka ware su jinsi biyu, NPN da PNP, kowanne a gwangwanin madararsa. Da la'asar Malam Modu zai zura hannu a gwangwani ɗaya ya ɗauko guda. In ya samu bare a ciki, ba ya duka, ba ya zagi. Duk gwangwanayen yake juyewa cikin kwali ya ce, "Gobe." Na yi wata bakwai ina wannan kafin ya bar ni na buɗe rediyon mutane.

Shi ya fahimtar da ni abin da tiransisto yake. Ya ce in tuna yadda mai lambu ke buɗe bakin ruwa a fadama: hannu ɗaya ke janye ƙasa, ruwa mai yawa ya bi. Ƙafa uku gare shi, ɗaya wuta ke shiga, ɗaya take fita, ta ukun ita ce hannun. Amma kowane baki da iyakar ruwan da zai ɗauka. Ka tura kogi ta bakin kwami, sai ya tafi da gonar.

Masu kawo mana aiki kuwa, masunta ne da rediyon da ya faɗa ruwa, da Fulani masu kaset da yashi ya cinye masa kai, da ladanai da amfilifayar masallaci, da mutanen coci da tasu. A amfilifaya na saba da manyan tiransisto, masu jikin ƙarfe, waɗanda muke kira masu hula. Kowane mai kaya in ya zo, abu ɗaya yake faɗa: "Ba wani abu ba ne, waya ce ta cire." Ban taɓa jin wanda ya ce shi ya juya batir ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Darajar kuɗi ta faɗi, kayan gyara na kirki suka ɓace daga kasuwar Kano, aka cika ta da wasu masu ƙyalli da ba mu san asalinsu ba. Da damina kuma kogi ya cika ya shigo unguwa, ruwa ya zauna a shagon har gwiwa, kwana tara. Da ya janye muka buɗe gwangwanayen nan, tarin shekaru goma sha, duk ƙafafun sun yi tsatsa, kana taɓawa suna zuba. Malam Modu ya tsaya ya kalle su, ya cire tabarau ya miƙa mini makulli. Garin Kafin Hausa ya koma ya kama noman gero, bai sake riƙe ayan ba. Na gaji benci da mita da suna, amma ban gaji ko tiransisto ɗaya da aka gwada ba. Duk abin da zan sa a aiki, sai na sayo sabo.

Ana cikin haka, ba a daɗe da yanke mana Jigawa daga Kano ba, wata Asabar da hantsi Malama Saratu ta shigo da kwali a ka. 'Yar Filato ce, tana koyar da kimiyya a wata sakandare a nan garin, tana haya a gidan wani manomin shinkafa da ake kira Ba Kyari. Ta sauke kwalin a kan bencina. A ciki akwai moton waifa, mai share gilashi, na tsohuwar mota, da wani allo da ta haɗa da hannunta, da ƙananan tiransisto huɗu irin na rediyo, duk sun fashe.

"Malam Sale, sau uku ke nan ina canza su," in ji ta. "Ka duba mini inda na yi kuskure."

Na ce, "Malama, me ake so wannan ya yi?"

Ta zana mini a bayan takarda. Jan baki, tsuntsayen nan da ke kwana a cikin ciyawar kacalla ta bakin kogi, sun addabi gonar Ba Kyari. Kullum tana ganinsa yana dawowa da magariba murya ta dishe saboda ihu. Shi ne ta yi tunanin a ja waya mai kauri daga wannan gefen gona zuwa wancan, a rataya mutum-mutumi a kan ƙafar keke, moto ya riƙa jan sa. In ya kai ƙarshe ya bugi maɓalli, moton ya juya baya, ya dawo, yana jan gwangwanaye da tsummoki. Haka wuni guda. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta. Sha'awa ce kawai, kuma tana so ɗalibanta su ga cewa abin da ke cikin littafi yana iya korar tsuntsu.

Zanen nata daidai yake. Don moto ya tafi gaba ya dawo baya, tiransisto huɗu ake jerawa kewaye da shi, biyu sama biyu ƙasa. Ka buɗe na sama na hagu da na ƙasa na dama, ya juya haka. Ka buɗe ɗaya biyun, ya juya akasin haka. Ta san wannan fiye da ni. Abin da ba ta sani ba, irin naku ne.

Na ce, "Wuta nawa moton nan ke ja?"

"Na auna, amfiya uku."

"Yana juyawa ba kaya ke nan. In ya maƙale fa?"

Wannan kam ba ta auna ba. Na ɗauki moton muka tsallaka wurin makanike, na matse bakinsa a bais, mamatsin ƙarfen nan, na aro agogon caji na mota saboda mitata ba za ta ɗauka ba, na taɓa batir. Allura ta yi tsalle ta wuce goma sha biyu. Na ce, "Kin gani? Kuma duk sanda ya juya baya, irin wannan jan yake yi na ɗan lokaci. Tiransiston da kika sa, ko amfiya ɗaya ba zai ɗauka ba. Da ranar wahala ake zaɓen tiransisto, ba da ranar daɗi ba."

Ba ta ji haushi ba. Ta fito da biro ta rubuta. Ita ke da takardar jami'a, ni ko firamare ban gama ba, amma ta zauna a kan wannan bencin da kuke kai tana tambaya ina amsawa har azahar. Na ce masu hula za mu sa, 2N3055 biyu a ƙasa, da abokan aurensu na PNP biyu a sama. Na gaya mata babban tiransisto kurma ne, ƙaramar wuta ba ta buɗe shi sosai, kuma in ya buɗe rabi zafi yake yi ya mutu, saboda haka kowanne sai an sa masa matsakaici a baya yana tura shi. Na gaya mata moto yana harbi kamar jaki: in ka yanke masa wuta, sai ya maido da wata ta baya, wadda za ta huda tiransisto ko da babba ne, dole a sa dayod huɗu su tare harbin. Muka je wurin masu ƙera tukwane aka zuba mana farantin alminiyom mai kauri don ya sha zafi. Jikin moton kuma a kan katako muka ɗaure shi, don kada ƙarfensa ya haɗa mana wuta. Fis ma na sa, mai yanke wuta in ta yi yawa. Duk abin da ya kamata a yi tunani, mun yi.

Masu hular ne babu a Haɗeja, sai na hau mota zuwa Kano. Na samu wani shago cike da kaya har rufi, na faɗi lamba, aka miƙo mini huɗu, suna ƙyalli, rubutu fes. Na auna da mita a nan gaban mai shagon, allura ta nuna lafiya. Na dawo na haɗa, na kunna a kan benci, moto ya yi awa guda yana gaba yana baya, faranti ko ɗumi bai yi ba. Na ce aiki ya yi.

Ga laifina, kuma ba na ɓoye shi. Mita ba ta gane ƙarya. Wuta kaɗan take turawa, ƙaramin tiransisto da babba duk amsa ɗaya suke ba ta. Malam Modu ba ya sa mai hula a aiki sai ya ɗaura masa ƙwan fitilar mota biyu ko uku ya bar shi ya yi gumi. Na san haka. Ni da na matse moto a bais don in koya wa Malama darasi, ban sake matse shi ba bayan na haɗa allon. Na yarda da lamba.

Muka kafa abin a gonar Ba Kyari lokacin da shinkafa ta fara nono, daidai sanda jan baki ke haukacewa. Malama ta ɗinka wa mutum-mutumin tsohuwar riga da malafa. Ranar farko mutane suka cika kunyar gona suna kallo, har daga gonakin nesa. Mutum-mutumi ya taso da gwangwanaye suna ƙara, tsuntsaye suka tashi kamar hayaƙi, ya kai ƙarshe ya bugi maɓalli ya juyo. Ba Kyari ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce, "'Yata, ashe abin da kike yi a ɗaki ke nan." Kwana biyu abin yana aiki ba tangarɗa. Ita ke zuwa da sassafe ta ɗaura batir ta kunna kafin ta wuce makaranta, da yamma ta kwance ta kai caji.

A rana ta uku aka aiko wa Ba Kyari cewa yayansa ya rasu a garin Malam Madori. Yana da mutum biyu 'yan Kaugama da ke taya shi korar tsuntsu. Ganin abin na aiki, sai ya sallame su, ya kwashi iyalinsa suka tafi jana'iza. Da safen nan Malama ta kunna ta tafi aji. Ba a jima ba iska ta kaɗa tsumma ɗaya ya naɗe a jikin turken wayar, moto ya maƙale. Ranar wahalar ke nan da na yi ta wa'azi a kanta. Tiransiston ƙwarai zai riƙe har fis ya yanke. Waɗannan kafin fis ya yi zafi sun riga sun mutu.

Da la'asar aka zo aka kira ni. Na samu Malama tsaye a kan kunya, takalmanta a hannu, mutum-mutumi na rataye a tsakiyar gona, tsuntsaye a kan malafarsa. Wanda bai ga aikin jan baki ba ba zai gane ba. Wuni ɗaya ya ishe su. Na kama zangarniya na murza, ƙaiƙayi ne kawai. Na shiga ciki na murza wata, haka. Abin da ya tsira bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, abincin gida guda na shekara.

Na kwance allon na dawo shago. Na ɗiga fetur a tsumma na goga a kan hular ɗaya, lambar ta bi tsumman. Na sa shi a bais na yanke hular da zarto. In kun buɗe na ƙwarai, za ku ga zuciyarsa kamar farcen ƙaramin yatsa, da wayoyi masu kauri. Wannan zuciyarsa ba ta fi ƙwayar riɗi ba, wayoyin kamar gashi. Wani ya zauna a wani wuri, da iliminsa da injinsa, ya ɗauki zuciyar ƙaramin tiransisto ya sa mata babbar riga, ya buga lamba. Ya san abin da yake yi. Ɓarawon da ke haura katanga ya fi shi mutunci, shi ko ba komai yana sa ransa a haɗari.

Ba Kyari da ya dawo ya zagaya gonar sau ɗaya. Ya ce da Malama, "'Yata, ni na sallami mutanena, ba ke ba. Abin da Allah ya rubuta wa tsuntsu, nasa ne." Shi ke nan abin da ya faɗa. Amma gari bai yi shiru ba. Waɗanda suka cika kunyar gona suna tafi, su ne suka koma cewa baƙuwa ta rataya aljani a gonar bawan Allah. Magana ta kai makaranta. Shugaban makarantar ya tuna cewa batirin na ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma an fita da shi ba takarda, alhali shi da kansa ya je gonar ranar farko ya tsaya kusa da abin aka ɗauke shi hoto. Ya rubuta mata takardar tuhuma, ya aika kwafi sama.

Na ɗaure yankakken tiransiston a hankici na tafi ofishinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin Malama ba shi da aibi. Ni na sayo wannan, ni ne ban gwada ba. Duba cikinsa."

Bai kalli hankicin ba. Ya ce, "Kai ne wa?"

"Sale, mai gyaran rediyo."

"A ina ka yi karatu?"

"A wurin Malam Modu, bakin tasha."

Ya yi murmushi ya ce, "To, wannan maganar ma'aikata ce. In rediyona ya lalace zan aiko." Ya danna ƙararrawa masinja ya buɗe mini ƙofa.

Kafin ƙarshen zangon karatu takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura ta wani ƙauye da mota ke shiga sau ɗaya a mako, makarantar da ko ɗakin gwaji babu. Ta ajiye aikin ta koma gida Filato. Ranar da za ta tafi ta aiko mini da moton da ƙafar keken, ba saƙo.

Na koma Kano da zarto a aljihu. Na ajiye wa mai shagon abin a kan kanta na ce, "Ka san abin da ka sayar mini?"

Ya ɗaga ya duba ya ce, "Alhaji, lambar da ka tambaya ita na ba ka. Ka auna da hannunka a nan. Ni ba ni na ƙera ba."

"Amma ka san na ƙarya ne."

"Kowa a layin nan shi yake sayarwa. In kana so in canza maka, ga su nan." Ya jawo kwalin nan dai, ya ƙirgo huɗu.

Na ɗauki ɗaya na danne a bakin kantarsa na fara yankawa, masu saye na kallo. Da hular ta faɗi na ɗaga na nuna musu. Wani dattijo mai gyaran talabijin ya karɓa ya duba, ya mayar da kayan da ya zaɓa ya fita. Shi kaɗai. Sauran suka ci gaba da ciniki, maƙwabtan mai shagon kuma suka kama ni ta kafaɗa suka fitar da ni titi, suna cewa ɗan ƙauye ya zo ɓata kasuwa. Shagon nan bai rufe ba, ƙara girma ma ya yi.

Da rani na ji labarin wani tsohon gidan silima da ya mutu, ana sayar da tarkacensa. Na sayi amfilifayarsa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, tun ta zamanin kayan ƙwarai. Masu hula takwas na ciro. Kowanne na ɗaura masa ƙwan fitilar mota uku na bar shi har farantin ya gagari hannu. Ɗaya na yanka da gangan don in ga cikinsa da idona. Na sake haɗa allon bisa zanen Malama, ban canza layi ɗaya ba. Na matse moton a bais na kunna, fis ya yanke. Na canza fis na sake, ya yanke. Sau goma na yi, tiransisto ko ɗaya bai motsa ba.

Da shinkafa ta sake yin nono na ɗauki kayan a amalanke na tafi gidan Ba Kyari. Ya daɗe yana kallon amalanken. Ya ce, "Sale, ka kafa. Amma bana ba na sallamar kowa."

Na ce, "Ko ka ce za ka sallama, ni zan hana."

Mutum-mutumin ya yi aiki har girbi. Sau biyu yana maƙalewa, sau biyu 'yan Kaugama suna warware tsumma su canza fis ya ci gaba. Ba zan ce ya kori tsuntsu duka ba, jan baki na sabawa da komai, amma mutum biyu sun tsare gonar da a da sai biyar, har da Ba Kyari da iyalinsa. Masu maganar aljani suka fara zuwa shagona a ɓoye suna tambaya ko zan yi musu irinsa. Shugaban makaranta ma ya aiko masinja, wai ana baje kolin kimiyya, a ba shi aro a kai da sunan makaranta. Na ce a gaya masa maganar masu gyaran rediyo ce.

Ba Kyari ya auna sabuwar shinkafa ya ɗinke a ƙaramin buhu, na rubuta wasiƙa, muka ba wani direba da ke zuwa Jos. Bayan wata biyu amsa ta zo, rabin shafi. Ta gai da Ba Kyari da iyalinsa, ta yi godiyar shinkafa. Ba ta ambaci shugaban makaranta ba, ba ta ambaci laifina ba. Ta ce ta samu koyarwa a wata makarantar garinsu, can masara suke nomawa, birai ne ke damunsu, kuma ɗalibanta sun riga sun samo moton waifa. Sannan ta rubuta: "Malam Sale, ka aiko mini da yadda ake gane na ƙarya, dalla-dalla, kada ka tsallake komai."

Shafi huɗu na rubuta mata, da hannun nan da bai saba biro ba. Na naɗe yankakkun tiransisto biyu a takarda, na silima da na Kano, na sa a ambulan ɗin. A ƙasan wasiƙar na ce ta ajiye su a tafin hannun kowane ɗalibi ya gani da idonsa, tun kafin ta zana musu komai a allo.